Filin Mata: Ranar Da Muka Ɗauki Shatar Jirgi A Ikko

Makon jiya na yi muku alkawarin labarin tafiyata Ikko, watau garin da yaran yanzu ke kira Legas. To, ga shi yau na zo in cika.

Bari in fara da abin da ya kai ni bakin ruwa. Tun da na fito kwalejin horon malamai, shekara uku ke nan, nake koyar da labarin ƙasa a aji shida. Kowace shekara in muka zo kan ciniki da ƙasashen waje, sai in zana taswira a allo, in ja layi daga Kano har ƙasa, in rubuta Apapa da farin alli, in ce, "Nan ne kayanmu ke shiga jirgi." Ran nan wata 'yar ƙaramar yarinya da ke zama a bencin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ke kin taɓa ganin tekun?" Aji ya yi tsit. Na ce mata ban taɓa ba. Ta ce, "To, yaya aka yi kika sani?" Na ba ta amsa irin tamu ta malamai, na ce littafi ya faɗa. Amma maganar ta bi ni har gida, ta kwana da ni.

Da hutun Disamba ya matso sai aka aiko matar yayana ta sauka lafiya a Agege, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango tun zamanin fataken goro. Muka shirya zuwa suna, ni da Gwaggo da ƙanwata 'yar aji biyu na sakandare, da wata abokiyar aikina. Bayan an watse suna da kwana biyu na ce wa Yaya ni fa ba na komawa sai na ga inda jirage ke tsayawa. Ya yi dariya ya ce tashar ba kasuwa ba ce da kowa zai kutsa, ƙofarta da masu gadi, amma in muna da kuɗi da ƙarfin zuciya, ana iya ganinta ta ruwa. Wasu maƙwabtansa mata biyu suka ji, suka ce da su za a yi, don a Agege aka haife su, amma ko sau ɗaya ba su taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba. Da Yaya da 'yarsa mai shekara tara, muka cika mu takwas. Mai jego kuwa tana ɗaka tana shan kunun kanwa.

Kun san shata a mota. In za a kai amarya wani gari, ba a zuwa tasha a jira mota ta cika, sai a ɗauki motar sukutum, ta tashi sa'ad da kuka so, ta tsaya inda kuka ce. To, haka nan yake a ruwa. A Ikko akwai jiragen haya da ke jigilar ma'aikata safe da yamma, kowa ya biya kuɗin kujerarsa, jirgi ya yi gudu ya sauke su, ba ruwansa da mai son kallo. Akwai kuma ƙananan jirage masu inji da rumfa da ake ɗauka shata, ana biya bisa awa. Mutum ɗaya kam kuɗin zai yi masa nauyi, balle tun da man fetur ya yi tsada daga 2023. Amma in an haɗu an raba, sai abin ya zo da sauƙi. Mu gida shida muka raba namu, muka ɗauke wa Gwaggo da yarinyar.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun ana jibi muka tafi ni da Yaya muka ga mai jirgi. Muka yi ciniki a kan awa uku. Na ciro takarda da alƙalami, don malama ba ta rabuwa da su, na rubuta abin da muka shirya: mu takwas ne ba ƙari, man jirgi yana cikin kuɗin, za a fara ƙirga lokaci daga sa'ad da jirgi ya tashi, kowa kuma za a ba shi rigar ceto, watau rigar nan mai soso a ciki da ke riƙe mutum bisa ruwa in ya faɗa. Na faɗa masa akwai yarinya, a nemo tata daidai jikinta. Ya ce duk ya ji. Ya sa hannu yana murmushi, muka ba shi rabin kuɗin kafin alƙalami.

Ranar tafiya muka yi sammako, don hanyar Agege zuwa bakin ruwa ba a cewa komai wajen cunkoson motoci. Wajen ƙarfe tara muka iso. Jirgin ga shi nan ɗaure, fari, da kujerun mutum goma sha biyu. Mu takwas, da matuƙi da yaronsa, goma ke nan. Sai dai muna isowa na hangi waɗansu maza shida tsaye da buhuna da jarkoki, yaron jirgi kuwa ya fara jera kayansu ciki. Na tambayi mai jirgi ko su wane ne. Ya ce ai hanya ɗaya ce, zai ɗan rage musu hanya ne kawai, ba za su dame mu ba. Sa'an nan ya miƙo riguna. Na ƙirga, shida. Biyu daga ciki maɗaurinsu ya tsinke. Ta yarinya kuwa babu.

'Yan'uwana, a nan ne fa labarin yake. Na dubi Yaya. Shi mutum ne mai kawaici, ya kuma shekara goma sha biyar a Ikko, ga shi ya girme ni da nisa. Ya matso ya ce a hankali, "Malama, bari kawai. Haka ake yi a nan. Ruwan a kwance yake, kada mu ja magana gaban mutane." Abokan tafiyata kowa ta sunkuyar da kai. Ni ma kunya ta rufe ni, don tun da nake ban taɓa musa wa Yaya magana a bainar jama'a ba. Ga rabin kuɗinmu a aljihun mutumin, ga mata sun ci ado sun taho tun asuba, ga masu kallo sun fara taruwa. Zuciyata ta ce, shiga mana, awa uku ne kaɗai.

Sai na dubi 'yar Yaya tana riƙe da gefen hijabina, na tuna da Bagwai. Kowa a ƙasar Kano ya san abin da ya faru ran 30 ga Nuwamba, 2021, sa'ad da jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari da mutanen da suka taso daga Badau, akalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. An ɗora wa jirgin abin da ya fi ƙarfinsa ne. Na ce a raina, lalle ran nan ma akwai wadda ta ga jirgi ya cika, ta so ta yi magana, kunya ta hana ta. Na ciro takardata. Murya na rawa na ce, "Yaya, ka yi mini gafara. Malam mai jirgi, ga hannunka, ga abin da muka shirya. Shata muka ɗauka. Mutum takwas, riga takwas. In ba haka ba, a ba mu kuɗinmu."

Mutumin ya hau faɗa, rabi da Turanci rabi da Yarabanci, wai shekararsa ashirin a ruwa ba wanda ya taɓa koya masa aiki, balle yarinya. Ban san yadda za ta ƙare ba da Gwaggo ba ta sa baki ba. Gwaggo fa ita ce tun a gida take cewa ita da ruwa sai a buta, da ƙyar muka lallashe ta ta biyo mu. Sai ta sami wani benci ta zauna, ta ajiye jakarta, ta gyara mayafi, ta ce wa Yaya, "Kai, gaya masa ni ba ni da sauri. 'Yar nan ta faɗi gaskiya. Jikata ba ta shiga sai da rigarta." Da babba ta yi magana, Yaya bai ƙara cewa a bari ba. Ya juya ya yi wa mutumin magana da harshen da yake ji, ya kuma tuna masa hukumar ruwa ta jihar, wadda ake kira LASWA, da aka kafa tun 2008, ta wajabta wa kowane fasinja rigar ceto. Aka yi minti arba'in ana kai da kawowa. Ƙarshe aka sauke buhuna, mazan nan suka nemi wani jirgi, yaron ya ruga ya aro riguna masu kyau, har da 'yar ƙarama ja ta yarinya. Muka ɗaura bisa hijabanmu, muka yi addu'ar shiga jirgi, muka tashi.

Muka fara bin wani rafi da ya raba Ikoyi da tsibirin Biktoriya, gidaje masu tsawo dama da hagu. Sunansa da Turanci ma'anarsa Rafin Wuri Biyar, an ce wai wuri biyar ake biyan mai fito a dā kafin ya ƙetare da mutum. Gwaggo ta ce kakarta ta ba ta labarin zamanin da ake sayen goro da wuri, ashe kuɗin da aka kashe a Kurmi shi aka kashe a nan. Muka wuce ta ƙarƙashin gada, sai ruwa ya buɗe gabanmu, faɗinsa ya ninka na rafin sau da yawa. Matuƙi, wanda fushinsa ya fara sauka, ya rage gudu ya ce, "To, ga tasha."

Bari in kwatanta muku yadda wurin yake, don 'yan makaranta su zana. A bayan Ikko akwai wani babban tafki, koguna irin su Ogun suna zuba cikinsa. Duk ruwan nan ƙofa ɗaya gare shi zuwa teku, to, wannan ƙofar da abin da ke cikinta ita ce tashar. In kin tsaya tsakiya kin fuskanci arewa, hannun damanki tsibirin Ikko ne da titin Marina da dogayen benaye, daga cikinsu har da bene mai hawa 32 da aka gama a 1979. Hannun hagunki Apapa. Gabanki gadoji, bayanki teku. Sau biyu kowace rana ruwan teku yakan ciko ya shigo, sa'an nan ya janye, saboda jan da wata ke yi masa. Shi ya sa ruwan tashar ruwan gishiri ne gauraye da na daɗi. Ƙanwata ta tsoma yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska.

Muka nufi wajen Apapa, amma daga nesa, don ƙaramin jirgi ba ya matsawa jikin manya, kuma akwai wuraren sojan ruwa da ba a kusanta, ba a ɗaukar hotonsu. Kai, jama'a, gani ya kori ji! Jirgin da nake zanawa a allo kamar ƙwaryar shan fura, ashe tsawonsa ya fi layin unguwarmu. Bisansa an jera akwatunan ƙarfe da ake kira kwantena, ja da shuɗi da kore, hawa bisa hawa, kowanne tsawonsa ƙafa 20 ko 40, watau abin da babbar mota guda ke ɗauka. Ga waɗansu injuna masu dogon wuya kamar raƙumin dawa suna sunkuyawa suna tsince su ɗaya ɗaya. Ƙanwata ta riƙa karanta sunayen da ke rubuce a bayan jirage, ta ga Monrobiya, ta ga Panama. Ta ce ashe mutanen Laberiya masu arziki ne haka. Na gaya mata masu jiragen suna can waɗansu ƙasashe, rajista kaɗai suke yi a can don ta fi araha, sai jirgi ya ɗaga tutar ƙasar da watakila bai taɓa zuwa ba.

Matan aure, kada ku ce wannan labarin 'yan boko ne, don tukunyarku na da rabo a ciki. Yaya ya nuna mana waɗansu manyan rumbuna masu kama da randuna a bakin ruwa, ya ce alkama ce ake saukewa daga jirgi kai tsaye, a niƙa ta nan Apapa. Fulawar da kike fanke da cincin da ita, da taliyar da yara ke so, yawancinta ta nan ta biyo. Sukarin kokonki ma, ɗanyensa ake kawowa daga Burazil a tace shi a nan. Haka kifin ƙanƙara. Ran da kika ji ɗan kanti ya ce kaya sun tashi don an sami tsaiko a tasha, to, ga tashar da yake nufi.

Namu kuma ta nan yake fita. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba a daɗe ba manoma suka koma gyaɗa, har aka riƙa tara buhuna ana yin dalar gyaɗa, wadda sunan Alhassan Ɗantata ba ya rabuwa da ita. Daga Kano wagunu ke kwasa su yi tafiyar wajen mil 700, su sauke a Apapa, inda aka gama matsayar manyan jirage ta farko a 1926. Dalar gyaɗa ta ɓace tun shekarun 1970, amma hanyar ba ta mutu ba. Riɗin da ake nomawa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai yana zuwa Japan da Sin da Turkiyya, zoɓon da muke jiƙawa da azumi yana zuwa har Meksiko, ga cittar Kachiya, ga ƙaro, ga fata. Gwaggo ta yi shiru tana kallo, can ta ce mahaifinta, kakanmu ke nan, ya yi shekara talatin yana kai gyaɗa kan sikeli, har ya koma ga Allah bai san inda take zuwa ba. Ta ce, "Yau na gano masa."

Can gaba, ta yamma, matuƙi ya nuna mana hanyar tasha ta biyu, ta tsibirin Tinkan. Ita dalilinta siminti ne. A 1975 gwamnati ta yi odar siminti fiye da abin da Apapa za ta iya saukewa, jirage ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, har siminti ya daskare a cikin waɗansu. Wannan ya sa aka gina Tinkan cikin gaggawa, aka buɗe ta a 1977. A 2023 kuma aka buɗe wata sabuwa a Lekki, can gabas da gari, mai zurfin da zai ɗauki jiragen da suka fi ƙarfin Apapa.

Muna nan sai na ga wani abu a jikin wani jirgi da na taɓa karantawa a kwaleji: da'ira da layi ya ratsa ta tsakiya, an zana da farin fenti dab da ruwa, da waɗansu 'yan layuka a gefe. Na ce wa ƙanwata ta duba da kyau. Wannan ita ce iyakar lodi. In an yi ta zuba wa jirgi kaya yakan riƙa nutsawa kaɗan kaɗan, to, da ruwa ya taɓa layin nan, doka ta ce a tsaya, ko buhu ɗaya ba a ƙarawa. A dā a Ingila masu jirage sukan cika su maƙil don riba, su kife da ma'aikata, masu jirgi kuwa suna gida. Wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya yi ta faɗa a kan haka, ana yi masa dariya, har aka kafa doka a 1876, layin kuma ake kiransa da sunansa har yau. Na ce, jirgin da ya kai unguwa girma yana da iyakar da ba ya wucewa, ina ga namu ɗan wannan? Ban dubi matuƙi ba, amma na san ya ji.

Daga nan muka juya kudu, wajen ƙofar teku. Dama da hagu an jera duwatsu manya manya sun miƙe cikin teku kamar ganuwa biyu. Kafin a yi su, yashi ne ke toshe ƙofar, manyan jirage sai su tsaya waje, a kwaso mutane da kaya cikin ƙanana, da yawa kuma suka halaka wajen ƙetarewa. Turawa suka yi shekaru suna jigilar dutse da jirgin ƙasa daga wajen Abekuta suna zubawa, har a 1914 babban jirgi ya iya shigowa ciki. Sai dai gyaran ya zo da tasa ɓarnar. Igiyar ruwa a wannan gaɓa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, ganuwa ta tare shi, sai ya taru ta yamma, gefen gabas kuwa teku ya yi ta cin ƙasa shekara da shekaru. A wurin ne yanzu aka cike da yashi ana gina sabuwar unguwa da ake kira Eko Atlantic. Ta yamma kuma muka hangi bakin yashin Tarkwa, inda ba a zuwa sai ta jirgi, da tsohuwar hasumiyar fitila da aka gina don yi wa jirage jagora da dare.

Nan ne na ga teku. Hazon hunturu ya ɗan rufe nesa, amma na ga ruwa ya tafi har ya haɗu da sama, ba tsibiri ba itace, sai jirage can sun jefa anga suna jiran a ba su izini. Ba wanda ya yi magana cikinmu. Matuƙi ya ce iyakarmu ke nan, ƙaramin jirgi ba ya wuce bakin ganuwa.

Muna juyowa sai ga wani babban jirgi yana shigowa, ƙananan jirage biyu masu ƙarfi suna rakiyarsa, su ne ke tura shi su ja shi har ya jingina, don shi da kansa ba ya iya juyawa a wuri matsatse. Matuƙinmu ya kauce can gefe, ya ce kowa ya zauna ya riƙe. Da jirgin ya wuce sai ga igiyar ruwan da ya tayar ta nufo mu. Jirginmu ya ɗaga ya faɗa, ya ɗaga ya faɗa, ruwa ya watso ya jiƙa mu sharkaf, ɗaya daga matan Agege ta ƙwala salati ta miƙe za ta koma ɗaya gefen, yaron jirgi ya daka mata tsawa ta zauna. Abin bai fi minti ɗaya ba. Da ya lafa na duba gefen jirgi, tsakanin bakinsa da ruwa bai fi kamu ɗaya ba, mu goma kaɗai ke nan. Yaya ma wurin yake kallo. Bai ce kome ba, sai ya jawo 'yarsa ya ƙara ɗaure mata igiyar rigarta.

Sauran lokacin muka yi arewa, muka bi ta gaban Marina, muka ga gadar Eko da gadar Carter, wadda aka fara ginawa a 1901, da Iddo inda tsohuwar tashar jirgin ƙasa take, can nesa kuma doguwar gadar nan ta uku da aka gama a 1990, mai tsawon kilomita 11.8. Sau biyu matuƙi ya tsaya ya ɗaga inji ya cire wani irin kainuwa da leda da suka naɗe farfela. Ledar nan kuwa, in faɗa muku gaskiya, ta ba ni kunya, don irin wadda muke yarwa a kwata ce. Kafin azahar muka sauka. Muka cika wa mai jirgi kuɗinsa, Gwaggo ta ba yaronsa goro. Shi kuma ya dube ni ya ce, "Malama, kin iya rigima." Na ce na gode.

To, ga abin da na koyo, ga duk wadda Allah Ya nufa da irin wannan tafiya. Na ɗaya, ku je ku ga jirgin da idonku kafin ranar, ku ƙirga kujeru, ku rubuta abin da kuka shirya, kada kuma ku biya duka sai an dawo. Na biyu, kowa da rigarsa, a ɗaura ta bisa hijabi ko mayafi, a ja igiya ta kama jiki, yaro kuma a nemo tasa, don ta babba zamewa take ta kansa. A tattare bakin gyale kada ya yi kusa da inji. Na uku, ku tafi da safe ku dawo da rana tsaka. Hukuma ta hana tafiyar dare, damina kuma ruwa ya fi hauka. Na huɗu, kada a cika ciki kafin a shiga, a kama ruwa tun a tudu don ƙananan jirage ba su da makewayi. Wadda ta ji jiri ta dubi nesa, ta tauna 'yar citta. Na biyar, in jirgi ya yi tangaɗi a zauna, kada a ruga gefe ɗaya, don abin da ke kifar da shi ke nan.

Na san da yawa cikinku za su ce, mu ina mu ina Ikko? To, ai ba a Ikko kaɗai ake shiga jirgi ba. Ana shiga a Yawuri da Warra, ana shiga a Tiga da Bagwai, ana shiga a Lakwaja da Numan, ranar kasuwa da ranar biki da ranar Mauludi, kuma mata da yara su ne suka fi yawa a ciki. A watan Yuni na 2023 mutum fiye da 100 suka rasu a wajen Patigi ta jihar Kwara, suna dawowa daga ɗaurin aure cikin dare. Allah Ya jiƙansu, Ya jiƙan na Bagwai. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan gaskiya ne, amma an umurce mu mu ɗaure raƙumi sa'an nan mu yi tawakkali. In gidanku za a kai amarya ƙetaren ruwa, ku haɗa kuɗi ku ɗauki jirgi biyu, ko a yi sawu biyu. In kin ga jirgi ya cika, ki ce ya cika, ki riƙe hannun ɗanki ki jira na gaba. Kunya adon mace ce, ni ma da ita aka rene ni, amma ran nan na gane akwai wurin da ake ajiye ta a yi magana, sa'an nan a ɗauke ta a ci gaba da tafiya. Yaya bai riƙe ni a zuci ba. Ranar da za mu taho shi ya kai mu tashar mota, ya saya mini taswirar Ikko babba don ajina.

Ran Litinin da aka koma makaranta na manna taswirar a bango, na kira yarinyar nan ta bencin gaba, na ce ta sake yi mini tambayarta. Ta sake. Na ce mata na gani, kuma gishiri gare shi. Ta ce, "Malama, yaushe za ki kai mu?"

'Yan makaranta, ga aikinku na wannan mako. Ku tambayi iyayenku mata abu uku da ke cikin ɗakin girki waɗanda suka ƙetaro teku, da abu uku da ake nomawa a ƙasarku da ke fita waje, ku rubuto mini. Wadda kuma ta taɓa shiga jirgin fito a garinsu, ta faɗa mana mutum nawa yake ɗauka, da ko ana ba da riga. Zan buga wasiƙun da suka fi kyau a wannan fili. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan ɗinkin rigar makaranta da na bari rabi. Allah Ya kiyaye mu a tudu da ruwa, amin.

Taku,
Malama